Ɗiyata, game da "da sauƙi" da kika tambaya

Ɗiyata, saƙonki ya iso, na karanta shi bayan la'asar. Kin ce tun da kika fara aikin jinya a Birnin Kebbi abu ɗaya ke ɗaure miki kai: ki tsaya kan majinyaci, jiki ya yi zafi rau, ido ya faɗa, ki ce "Baba, ya jiki?" ya ce miki "Da sauƙi." A yi wa mutum rasuwa, a ce masa ya haƙuri, ya ce da godiya. Kika ce anya wannan al'ada ba ƙarya take koya mana ba, me zai hana mutum ya faɗi abin da ke damunsa? Sai da na yi dariya, don tun kina ƙarama ba kya barin magana ta wuce ki. Amma da na kwanta abin ya tsaya mini a rai. In ke da kika tashi a gidan da ake durƙusawa a gaida manya kina ganin ƙarya ce, 'ya'yanku me za su ce?

Ba ki san farin 1973 ba, sai dai labari. Shekarar ce aka canza kuɗi, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, lokacin Gowon, muna cikin Jihar Arewa maso Yamma, ba a ma yi mafarkin Jihar Kebbi ba. Ruwa ya zo a makare, aka yi shuka ta ƙone, aka sake, sannan ya ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba. A ƙauyenmu, can yamma da Argungu, karan gero ya tsaya a gona fari fat. Gulbi bai cika ya malala fadama yadda ya saba ba, shinkafa ta tafi. Kafin bazara rumbun kakanki ya koma sai ƙura da kashin ɓera. An ce gwamnati ta aiko da hatsin agaji, ya kuma zo, amma abin da ya kai gidanmu bai taka kara ya karya ba.

Sai mata suka koma daji da tafki. Su tsinko tafasa da yaɗiya a yi kwaɗo, in an samu ƙuli-ƙuli an yi sa'a. Su shiga ruwa su ciro bado, a dafa saiwar, a shanya 'ya'yan a daka. Sai anza. Ita anza ɗaci gare ta na fitar hankali, sai an jiƙa 'ya'yan kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sake wani, sannan a dafa, shi ne dilo. Ko an yi mata duk wannan, ɗacin ba ya fita duka, yana nan a maƙogwaro har ka yi barci.

A cikin wannan hali baƙi suka fara sauka daga arewa, Buzaye da Adarawa, ta Dogon Dutsi da Kangiwa, suna bin ruwa. Wata ranar da yamma wani Buzu ya yi sallama a ƙofar gidanmu, shi da matarsa da yarinya da jinjiri, suna jan jaki ɗaya wanda ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Kakanki ya shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ina tsugune a gefe aka yi gaisuwa. Ina gajiya, ba gajiya. Ina iyali, lafiya. Ina dabbobi, mutumin ya ɗan yi shiru, ya ce, "Mai su ya karɓi abinsa, mun gode Allah." Kakanki bai ƙara tambaya a kan wannan ba.

Daren nan dilo ne a gidanmu. Mahaifinki yana yaro lokacin, da aka ajiye mana akushi ya kai loma ɗaya, ya ture, ya ce shi ya gaji da cin abin da ko akuya ba ta so. Na zaci kakarmu za ta ɗauko tsumagiya. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce da shi ya ɗauki akushin ya kai wa baƙi zaure, ya tsaya nan har su gama, ni kuma in riƙe masa fitila. Muka je. Mutumin ya sassauta rawaninsa kaɗan, ya yi bisimilla, ya fara tura wa yarinyar da matar, shi yana ɗaukar ɗan kaɗan da kan yatsu. Yarinyar ta cinye, ta bi akushin da yatsa ta suɗe har gefe. Abin da ban manta ba shi ne jinjirin. Tun da suka sauka ban ji kukansa ba, ashe ƙarfin kukan ne babu. Da suka gama mutumin ya ɗaga hannu ya yi ta addu'a, yana gode wa Allah da ya kawo su ƙasar da ke da gulbi, inda ake samun abin sa wa a baki. Ƙasar nan tamu da muke kuka da ita, ita yake nufi. Mahaifinki ya koma cikin gida bai ce uffan ba.

Kakarmu ta ga yunwar Kakalaba ta wajen 1914 tana yarinya, shi ya sa komai ya same mu sai ta ce, "Gaba da gabanta." A daren ta ce mana, "Kafin ku ƙirga abin da ya tafi, ku ƙirga abin da aka bar muku." Takan kuma ce wani hanin ga Allah baiwa ne, ko da bawa bai gane ba a ranar.

To amma ki lura da abin da ta yi da asuba, don nan ne maganarki take. Ba ta ce ai sun ce lafiya, a bar su ba. Ta kira matar cikin ɗaki, suka daɗe. Can muka ji cewa sun binne ɗa guda a hanya, kuma nonon matar ya ƙafe. Akwai ɗan geron iri da kakanki ya ɓoye cikin tulu ya liƙe da laka, wanda ko da yunwa ta kai mana ko'ina ba a taɓa ba. Kakarmu ta sa aka fasa, aka ɗebi kaɗan ana dama wa matar kunu. Matan unguwa suka haɗa madarar akuya saboda jinjirin. Mutumin kuwa har ya bar garin bai taɓa buɗe baki ya ce yana jin yunwa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji manya. Mai amsa gaisuwa ya yi nasa, ya gode wa Ubangijinsa, ya riƙe mutuncinsa. Sauran aikin na mai tambaya ne. Shi ya sa gaisuwarmu take da tsawo, ana zagayawa ana dawowa, a zauna, a sha ruwa, can sai maganar ta fito da kanta.

Abin da ke ba ni takaici yanzu, an yar da duka biyun. Gaisuwar ta koma "ya kake" a kan babur, kafin ka amsa mutum ya yi nisa. Ƙorafin kuma ya koma waya, kowa na zuba damuwarsa ga dubban mutanen da ba wanda zai kawo masa ko kofin kunu. Ban ce babu wahala ba. Na ga yadda ambaliyar 2020 ta shafe shinkafar mutane a fadama, na ga yadda kuɗin mota da na mudu suka tashi bayan cire tallafin mai a 2023, ga 'yan'uwanmu na Zamfara da ƙasar Zuru da ɓarayin daji suka raba da gonakinsu. Godiya ba ta hana a gaya wa shugabanni gaskiya, haƙƙi ne a kansu. Amma yaro ya ci ya ƙoshi, ya kwana lafiya, gari ya waye kalmar farko a bakinsa ita ce ƙasa ta lalace, wannan kam iyayenmu da sun ji kunyarsa. Malaminmu na allo yakan tuna mana cewa Annabi Yaƙubu, alaihis salam, da baƙin ciki ya ci idonsa, bai musa baƙin cikin ba, cewa ya yi ga Allah yake kai kukansa.

Game da asibiti, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya je gaban likita ya faɗi inda ke masa ciwo, ni ma haka nake gaya wa tsararrakina. Ke kuma in tsoho ya ce miki da sauƙi, ki ce Allah ya ƙara sauƙi, ki ja kujera, ki tambaye shi ko ya yi barci, me ya ci, ina ne ya fi tsananta da dare. Zai faɗa miki. Ko kalmar tana shiga babin ƙarya ko ba ta shiga, wannan ki kai wa malamai, sun fi ni sani.

Ban gaya miki ƙarshen baƙin ba. Jinjirin ya rayu. Sun zauna a bayan gidanmu, mutumin yana ɗinkin fata da gyaran sirdi, har damina ta gyaru suka koma arewa. Bayan wasu shekaru ya dawo da raƙumi, ya sauke wa kakarmu cuku da dabino, ya tarar ta rasu. Mahaifinki ne ya raka shi maƙabarta, in kin je gida ki tambaye shi. Gwaggonki tana gaishe ki, ki gaida abokan aikinki.

Baffanki.