Ɗan majalisar mazaɓarki ne, ki kai masa kukanki

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Ingila ta rubuto: “Malam, wata biyar ke nan da na shigar da takardun sabunta biza, har yau shiru. An ce in je wurin ɗan majalisar unguwarmu, to amma mutumin bai ɓoye cewa mai neman jinsi ɗaya ne ba. Maigidana ya ce in haƙura, kada labari ya je gida. Ga shi ina karatun Life in the UK, jarrabawar sanin tarihi da rayuwar Birtaniya, kaina ya ɗaure da tarihin majalisar nan.”

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Shawarata ita ce ki je, kuma ki lallaɓa maigida ya raka ki.

An raba Birtaniya mazaɓu 650, kowace da wakili ɗaya, kuma bisa al'adar majalisar wakilin wata mazaɓa ba ya karɓar ƙorafin wanda ba mazaunin mazaɓarsa ba. Ke nan ba ki da wani sai shi. Ba ya tambayar ko kin zaɓe shi, ko ma kina da ƙuri'a. Ofishinsa na iya rubuta wa ma'aikatar cikin gida ya tambayi inda takardarki ta maƙale, kuma sau da yawa wasiƙar da ta fito daga majalisa ta fi taki saurin samun amsa. Abin da ba zai iya ba shi ne ya sa a ba ki biza. In akwai matsalar shari'a a ciki, wannan aikin lauya ne mai rajista, ba na dillalan WhatsApp ba.

Tarihin da ya ɗaure miki kai shi ne zai nuna miki yadda kujerar take. Sai a 1918 aka bar mata suka yi zaɓen majalisa, su ma waɗanda suka kai shekara 30 kuma suka cika sharaɗin dukiya. A 1928 aka daidaita su da maza a kan shekara 21. Macen da ta fara cin zaɓe, Constance Markievicz ta jam'iyyar Sinn Féin, tana gidan yarin Holloway lokacin da aka zaɓe ta a 1918, kuma ba ta taɓa zama a zauren ba, don jam'iyyarta ba ta yarda da mulkin Landan a kan Ayilan ba. Wadda ta fara zama ita ce Nancy Astor a 1919, haifaffiyar Amurka, da ta gaji kujerar mijinta a Plymouth. Kada abin ya ba ki mamaki: mu a Arewa sai a shekarun 1970 mata suka samu ƙuri'a, bayan Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kai.

Margaret Thatcher ta zama firaminista a 1979. Diane Abbott, baƙar mace ta farko a majalisa, ta shiga a 1987. Musulmai mata kuwa sai a 2010 uku suka shiga tare: Rushanara Ali, Yasmin Qureshi da Shabana Mahmood, wadda aka ba ma'aikatar cikin gida a Satumban 2025.

Irin su wakilinku ma ta wannan ƙunƙuntar ƙofa suka bi. Maureen Colquhoun, wakiliyar Northampton ta Arewa daga 1974, da aka san tana zaune da mace sai reshen jam'iyyarta ya nemi ƙwace mata takara a 1977. Ɗan majalisa Chris Smith ya bayyana cewa shi mai neman jinsi ɗaya ne a gaban taro a garin Rugby a 1984, aka ci gaba da zaɓensa har ya zama minista a 1997. Ba wanda ya ce ki sauya abin da kika yi imani da shi, kuma shi ma ba zai tambaye ki ba. Amma ki san wannan saboda aikinki: dokar daidaito ta 2010 da ta hana a wulaƙanta shi a wurin aiki ita ce ta hana a wulaƙanta ki saboda hijabinki ko sallarki. Magana marar daɗi ga abokin aiki ko tsohon da kike kula da shi a kan wannan batu na iya raba ki da aiki, bizarki kuwa a kan aikin take.

Batun labari ya je gida, ofishin ba ya fitar da sirrin mai ƙorafi, kuma galibi ma'aikatansa za ki gani ko ku yi ta imel. Ki aika musu cikakken suna, adireshi, ranar haihuwa, lambar takardarki da ranar da kika shigar.

Jarrabawar tambaya 24 ce cikin minti 45, ana so ki ci 18. Ki riƙe 1918, 1928, Emmeline Pankhurst (jagorar fafutukar nema wa mata ƙuri'a) da Thatcher sosai.

In kin shigar da takardun kafin tsohuwar bizar ta ƙare, izinin zamanki da na aikinki suna nan har a yanke hukunci. Sai dai kada ki tafi gida kafin amsa ta fito, ko da biki ne ko gaisuwar rasuwa, domin da kin fita za a ɗauka kin janye takardar.