Ga yaron da ke rubuta labarin zamanin bauta

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa babin da ka rubuta a kan kamun bayi bai girgiza waɗanda ka karanta wa ba, alhali ka zuba bulala da jini iya ƙarfinka. Na duba shi. Mahara sun faɗa wa ƙauye, sun ƙone rumbuna, an sa wa mutane mari, amma yarinyar da aka ja ban san uwarta ba, ban san ko tana da ƙane a goye ba. Wanda ba ka sani ba, ko an yanka shi a takarda, sai dai ka ce Allah sarki ka juya shafi.

Ka koma ka sake karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Umar ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce bauta ta yi masa rana. Uwar ce ke ɗauke da nauyin littafin: ta fita neman ɗanta, ita ma aka mayar da ita baiwa, ba ta daɗe da ganinsa ba ta cika. A ganina kirkin Abdulkarim ya ƙara wa abin ciwo, don duk alherinsa bai mayar wa matar nan da shekarunta ba.

Iko a ƙasar nan cikin gida ya fi zama, ka neme shi can. Bacucane, wato ɗan bayi, da aka haifa a rinji, ƙauyen bayi, Baba yake ce wa ubangijinsa, shi zai yi masa aure, shi zai raɗa wa 'ya'yansa suna, kuma gandunsa zai noma kafin ya taɓa gayaunarsa. Wani bawan yana sana'arsa a gari yana biyan ubangijinsa murgu, wato kuɗin barinsa ya yi aikin kansa, yana tara kuɗin fansar kansa. Ƙwarƙwara in ta haihu ba a sayar da ita, ɗanta ɗa ne mai gado, yana iya hawa gadon sarauta, ga 'yar'uwarta can tana daka a gidan. A fadar Kano kuwa, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, amma 'ya'ya masu asali na faɗuwa su gaishe su. Ka ga ashe mugun ubangiji da bawa abin tausayi ba za su ishe ka ba.

In kana son babin da zai hana mutum barci, rubuta ranar rabon gado. Ba zagi, ba duka. Malamai na zaune suna lissafi cikin natsuwa, baiwa uwa ta faɗa cikin rabon babban ɗa, 'yarta ta faɗa cikin rabon wadda ke aure a wani gari, kowa ya shafa fatiha. Ka bar uwar ta tambayi abu ɗaya kawai, ko ta yi shiru.

Sai ka kula da shekara, don na ga ka cakuɗa. Turawa sun ci Kano a 1903, aka hana cinikin bayi a kasuwa, amma na cikin gidaje suka ci gaba da zama. Dokar Gwamna Lugga ta ce yaran da aka haifa daga 1901 'ya'ya ne ba bayi ba, amma ba a soke bautar baki ɗaya ba sai 1936. Labarinka na wajen 1910 ne, saboda haka kasuwar bayin da ka kafa a Kurmi da rana tsaka sai ta fita. Satar yara a ɓoye da gudun bayi da ƙarar neman fansa gaban alƙali su ne na lokacin.

Sunan gidan da ka sa kuma ka canza shi. Jikokinsu na nan, ana bincika asali wajen neman aure har gobe. Ka gyara ka kawo mini bayan sallar Juma'a.