Jirgin da Ke Yoyo Sai An Yi Masa Lodi

Wai me ya sa jirgi zai kwana a bakin ruwa cikinsa a bushe, amma da an ɗora masa kaya sai ya fara shan ruwa? Yaro, da kana sa ido in ina aiki maimakon latse-latsen waya, da ba ka yi mini wannan tambayar ba. Zauna dai ka ji.

In jirgi ba kaya, katakon ƙasa kaɗai ke cikin ruwa. Kullum a jiƙe yake, ya kumbura, ya matse. Na sama kuwa rana na dukansa, iskar hunturu na busar da shi, sai ya tsuke, mahaɗa ta buɗe, kwalta ta tsage, audugar da muka cusa ta saki. Ranar kasuwa a jibga buhuna, jirgi ya nutsa taƙi guda, busasshiyar mahaɗar nan ta koma ƙarƙashin ruwa. To ta nan yake shiga.

Wannan tambayar taka ma ta tuna mini da wani ɗan kasuwa da ke ɗaukar shinkafa daga nan Yawuri zuwa Wara. Ba zan kama sunansa ba. Ya kawo mini jirginsa gyara, na kankare tsohuwar kwalta, na kai mutumin bayan jirgin wurin da ake ɗaura inji. Na sa tsinin wuƙa a katakon, ta shige kamar cikin kabewa. Kowace ƙusa da baƙin zobe a kewayen kanta, alamar tsatsa ta cinye ta, ramin ya fi ta faɗi. Na ce masa: Alhaji, wannan sai an cire shi an sa maɗaci, da ƙusar da ba ta tsatsa, don girgizar inji a nan take ƙarewa. Ya ce tsada, in shafa kwalta kawai. Na ce hannuna ba ya rufe ruɓa. Na gama sauran aikin tsaf, ya ba ni rabin kuɗi, wai ragowar sai ya dawo daga kasuwa.

Ashe ya kai wa wani yaro irinku, ya buga langa-langa a kai, ya bi da fenti. Suka yi lodi har baki. Ruwa ya riƙa shiga ta baya, yana kwanciya ƙarƙashin buhuna, ba wanda ya gani, don ko wurin kwarfe ruwa ba su bari ba. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, da ƙyar suka kai gaɓa, amma shinkafa ta jiƙe. Sai mutumin nan ya bi tashar jirage yana cewa aikina ne! Ni da na nuna masa da wuƙa a gaban mutane. Ragowar kuɗina har yau, ga masu kawo mini aiki da suka janye saboda bakinsa. Ban yafe ba, akwai ranar hisabi.

Kuma kar ka ɗauki ruwan nan da wasa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 kututturan itatuwa ke ɓoye a ƙasansa, lafiyayyen katako ma yana jin jiki. Ka dai san abin da ya faru kusa da Wara a watan Mayun 2021, mutum fiye da 100 jirgi ɗaya ya tafi da su.

Narka kwalta da cusa auduga ba zan tsaya koya maka ba, wannan ko ɗan goye ya sani. Gobe da sassafe ka kwarfe jirgin can tas, ka goge shi da tsumma, ka barbaɗa toka a kan kowace mahaɗa. Sannan ka sa abokanka su shiga su tsaya gefe ɗaya har ya karkata. Inda toka ta yi duhu ka yi alama da gawayi, ka zo ka kira ni. Kar ka buga ƙusa ko ɗaya kafin in gani.