Amsar tambayar haɗa mota a gida da kayan tsohuwar mota

(Muryar da Oga ya turo a guruf jiya da daddare ce na zauna na rubuta, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurara ba.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena na ji saƙonka tun da rana, aiki ne ya riƙe ni a gareji. Ka ce ka ga bidiyon Turawan nan da ke haɗa 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu a cikin gida da kayan tsohuwar mota, kuma akwai Golf 3 ɗin Baba da ke fake ba a hawa, wai ko za ta yi. Toh abin yana yiwuwa, a nan Zariya ma yana yiwuwa, amma ba da Golf ɗin nan ba, ka tsaya ka ji dalili.

Ita motar da ka gani asalinta Lotus Seven ce, wani Bature Colin Chapman ya fito da ita a Ingila a 1957, kuma abin da ya sa ake sayar da ita a warware shi ne haraji, a lokacin in ka sayi kayan ka haɗa da kanka ba ka biyan harajin sabuwar mota. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, har yau suna yi. Sai a 1996 wani Ron Champion ya fitar da littafi yana cewa da fam 250 za ka haɗa irinta a gida, ka yi waldar shasi da kanka, sauran kaya ka ciro daga tsohuwar Ford Escort. Fam 250 ɗin nan dai talla ce kawai, amma ka lura da abu ɗaya, me ya sa Escort? Saboda injinta a gaba yake a miƙe, giyabos a bayanshi, furofela, wato dogon ƙarfen da ke ɗaukar juyin inji, ta tafi baya, tayoyin baya ne ke tura motar. Duk zanen shasin a kan wannan tsarin aka yi shi. Escort ta ƙare suka koma Ford Sierra, yanzu kuma da yawansu Mazda MX-5 suke yankawa, duk dai masu ja da baya.

Golf 3 kuwa da gaba take ja, injin a gicciye yake, giyabos da aksil duk a dunƙule wuri ɗaya, haka Corolla, haka Honda. Ba za ka miƙar da shi ka ce ya tura baya ba sai ka nemo wani giyabos ɗin daban ka je wajen masu dirin su yi maka faranti na haɗawa, ga kuloci ga fulawil, kafin ka gama kuɗin wata motar ya tafi. Akwai masu ɗaukar injin da giyabos ɗin gaba ɗaya su mayar bayan kujerar direba, ana yi, amma sai ka sake tsarin sandar giya, ka jawo bututun ruwa tun daga baya har lagireto a gaba, ka kashe juyawar tayoyin da a da sitiyari ke juya su, wallahi wannan ba aikin farko ba ne. Ni shawarata ka nemi izinin Baba, a gyara Golf ɗin a sayar, masu haya suna son ta, kuɗin ka sayi motar da ta dace.

Wacce ta dace a nan wajenmu? Mutane za su ce maka fijo 504, tunda a Kaduna aka haɗa ta tun 1975 kuma ba bakaniken da bai san cikinta ba, daga Sabon Gari har Tudun Wada. Gaskiya ne, da baya take ja, kafireto ce ba birenbos (kwamfutar mota), waya kaɗan, sitiyarinta irin na rak ne, wato miƙaƙƙen ƙarfe mai haƙora, wanda ake so. Amma injin mai cc 1971 ɗin nan gangar jikinshi baƙin ƙarfe ne, ga nauyi, kuma a kwance yake gefe guda, sai ka faɗaɗa shasi kafin ya zauna. Furofelar salun ɗin kuma a cikin bututu take daga giyabos har baya, gajarta ta ba wasa ba ne. Sannan ƙusoshin taya guda 4 ne a tazarar milimita 140, rim ɗin kusan duk motocin da ke kan titi yanzu ba ya shiga. Marsandi 190 ita ma da baya take ja, ƙafafunta na baya duk a kan ƙarfe ɗaya suke za ka sauke su gaba ɗaya, amma sitiyarinta na akwati ne, dole ka nemo rak daga wata motar.

In ni ne kai, kuma wannan ra'ayina ne, Bitil zan nema, tsohuwar Volkswagen ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Legas. Ita bodinta da noti aka ɗaure shi a kan faranti na ƙasa, ka kwance notika, ku taru ku ɗage bodin, abin da ya rage a ƙasa mota ce cikakkiya, ga inji ga giya ga ƙafafu huɗu ga sandar giya ga fedoji. Injin iska ke sanyaya shi, ba lagireto ba ruwa. Abin da Bruce Meyers ya yi kenan a Kalifoniya, shi ya fito da motar yashin nan Meyers Manx a 1964, daga baya aka riƙa yanke kimanin inci 14 a tsakiyar farantin Bitil a ɗora bodin faiba. Kuma tana da tsayi daga ƙasa. Ita Seven ɗin da ta burge ka cikinta kusan a ƙasa yake, ka tuna tudun rage gudu nawa ne tsakanin Samaru da Kwangila, ka tuna yadda lungunan cikin birni ke zama a watan Agusta, kwanon man inji za ka fara fasawa.

Ko ma wacce ka zaɓa, abin da nake so ka riƙe shi ne ka sayi mota guda ɗaya cikakkiya mai tashi. Kar ka ce za ka tsinto inji a Panteka Kaduna, giyabos a Kofar Ruwa Kano, ƙafafu a wajen 'yan gwangwan, kowanne na wata shekara daban, sai ka zo ɗaurawa ka ga ramin noti bai hau ba, kuma wanda ya sayar maka ba zai karɓa ba. Kamar ragon layya ne, da ranshi ake duba lafiyarshi kafin a sa wuƙa. Ka tada ta da safe injin da sanyi, ka kalli hayaƙin salansa, shuɗi yana shan mai kenan, ka hau ta ka shiga kowace giya har ribas, ka taka birki da ƙarfi ka ji ko tana ja gefe. Bodi ya ruɓe, kujeru sun yage, gilashi ya fashe, duk ba ruwanka, wannan ma shi zai sa a rage maka kuɗi. In Bitil ce ka shiga ƙarƙashi da sukundireba ka riƙa caccakar farantin, musamman ƙarƙashin kujerar baya inda batir ke zama, ruwan batir na cinye wajen.

Wajen kwancewa nan ne gaggawa ke cutar mutane. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto da wayarka, kowace waya ta lantarki da ka zare ka naɗa mata salatef ɗin takarda ka rubuta inda ta fito, fitilar hagu, hon, kwayil, haka. Kar ka bari yaro ya zo da almakashi ya datse wayoyin, a zare su gaba ɗaya a naɗe. Notika kuma kowane sashe ledarshi daban ka rubuta a jiki, na ƙafar gaba daban na giyabos daban, ka duba kan notin za ka ga an buga 8.8 ko 10.9, waɗannan ƙarfinsu daban ne da na shagon kayan gini, su za ka mayar a ƙafafu da sitiyari. Tankin mai kuwa ka zuƙe ka cire ka kai nesa kafin girinda ta fara tartsatsi, kuma kar wani ya ce maka ai babu mai a ciki bari a yi mishi walda, tururin da ya rage shi ke fashewa. Kada ka sayar da gangar jikin sai motarka ta tashi, kullum za ka koma neman wani ɗan ƙarfe ko ƙugiya da ka manta.

In ka dage sai irin Seven ɗin, toh shasinta da bututu mai kusurwa huɗu ake yi, milimita 25, kaurin 1.6. Ka je kasuwa da abin awo a aljihunka, don yawancin wanda ake sayar wa masu ƙofa da taga bai kai haka ba duk da abin da mai shago zai faɗa maka, kuma kar ka yi amfani da bututun ruwa mai farin shafe, hayaƙinshi na sa ciwo in ana walda. Ka fara yin tebur shimfiɗaɗɗe wanda ka gwada da ma'aunin magina, ka zana shasin a kai, ka danne bututun da katako, ka ɗan ɗiga walda nan da can kawai, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye ka ga duka biyun sun zo daidai, sannan a fara cikawa, a yi nan kaɗan a tsallaka ɗaya gefen, don zafi na jan ƙarfe, in aka cika gefe ɗaya gaba ɗaya shasin zai murɗe, motar ta riƙa tafiya a karkace har abada. Mai waldar unguwa da ya saba da get zai iya huda bututun nan da injinshi, ka nemi wanda ke da injin MIG ko wanda hannunshi ya faɗa da ƙaramin ilektirod, ka sa ya haɗa guntaye biyu a gabanka ka sa guduma ka doke, in waldar ce ta ɓalle ba ƙarfen ya lanƙwashe ba ka yi mishi godiya ka wuce.

Sai birki. 504 ta haura kilo dubu, motar da za ka haɗa wataƙila rabin haka ce, toh birki da sifirin da aka yi don wancan nauyin sun yi mata yawa, za ta riƙa tsalle, kuma in tayoyin baya suka riga na gaba kamewa juyawa za ta yi da kai a tsakiyar titi. Robobin birki da bututunshi sababbi za ka sa, kar ka mayar da tsofaffi don ka rage kuɗi. Ka sa ƙarfen kariya a bayan kujera wanda ya wuce kanka, a jikin shasi ba a jikin bodi ba, bel ma haka. Gwajin farko a fili za ka yi inda ba yara ba 'yan acaɓa.

Takardu kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. A Ingila tun 2009 akwai gwajin da suke cewa IVA, sai mota ta ci shi ake ba ta lamba. Mu nan tun kafin ka yanka komai ka ɗauki takardun ka je ofishin masu duba lafiyar mota ka faɗa musu abin da kake shirin yi, su gaya maka abin da suke buƙata, ya fi ka gama sannan ka haɗu da su ko 'yan KASTLEA masu kula da titi a PZ. Takardar kwastan, ta mallaka, ta canjin suna, rasit na duk babban abin da ka saya, ka adana, don injin da ba ka san asalinshi ba zai iya zama na sata. A nan ma Bitil ta fi sauƙi, lambar shasinta a jikin farantin take, ƙarƙashin kujerar baya a kan tudun tsakiya, in za ka gajarta ka tabbata yankan bai taɓa wajen ba.

Maganar kuɗi da ka tambaya, ba motar ce ke cin kuɗin ba, ƙananan abubuwa ne, faifan girinda, ilektirod, man janareto in an ɗauke wuta, aikin dirin, rewaya, fenti, taya huɗu. Ƙofofi da fitilu da gilashin da ba ka buƙata ka sayar ka rage zafi. Kuma in kana da aboki a sashen injiniya na ABU ko Nuhu Bamalli ka kai mishi zanenka ya duba maka inda ƙafafun gaba za su zauna, wannan lissafi ne ba ƙiyasin ido ba, in ya kauce sitiyari zai riƙa fizga duk sanda ka faɗa rami.

In ka samu motar kar ka biya tukuna, ka turo mini hoton ƙarƙashinta da bidiyon injin yana aiki, in ta kama ranar Asabar in zo mu duba tare. Sai da safe.