Amsa ga ƙanwarmu da su Diana da Cupid suka rikita

Ƙanwata, kin ce kina karanta A Midsummer Night's Dream, kowane shafi sai sunayen allolin tatsuniyoyin Romawa da Girkawa, sai Diana, sai Cupid, sai Apollo, har kin fara zargin ko ke ce ba ki da kai. Wallahi ba ke ba ce. Shakespeare ya rubuta wasan nan wajen 1595, lokacin da duk yaron da ya yi makarantar Latin a Ingila ya karanta Ovid, mawaƙin Romawan da, ya san labaran nan kamar yadda muka san Gizo da Ƙoƙi. Mu kuwa littafin kawai aka miƙo mana aka ce mu haddace.

Har yau raina na ɓaci in na tuna malaminmu na adabi. Na ɗaga hannu na tambaye shi wace ce sarauniyar Carthage da Hermia, ɗaya daga 'yan matan cikin wasan, ta ambata a rantsuwarta. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in Turanci ya fi ƙarfina in koma ajin Hausa, sai ka ce Hausar abin kunya ce. Aji ya kwashe da dariya, har da ƙawayena. Na riƙe kukana sai da aka tashi. Ban ƙara buɗe baki a darasinsa ba har muka gama, ko ganin bangon littafin ba na son yi. Da cewa ya yi bai sani ba zai duba, da har gobe ina ganin girmansa. Kuma amsar ba ta da tsawo! Dido ce, wadda ta kashe kanta a kan tarin itacen wuta da masoyinta Aeneas ya shiga jirgin ruwa ya bar ta. Ki duba, Hermia ta yi alkawarin soyayya da sunan macen da aka ci amanarta, washegari da dare saurayinta Lysander ya bar ta tana barci a daji ya bi ƙawarta Helena.

Ki fara da labarin Pyramus da Thisbe, yana littafi na 4 na Metamorphoses na Ovid. Masoya ne a Babila, iyaye sun hana, suna zance ta tsagar bango. Suka yi alkawarin haɗuwa a kabarin Ninus, zakanya ta kori Thisbe ta ɓata mayafinta da jini, Pyramus ya gani ya soke kansa, ita ma ta bi shi. Halin da Hermia da Lysander suka kusa faɗawa ke nan, sai ga shi a kashi na biyar suna zaune suna dariyar su Bottom masaƙi na kwaɓa labarin a wasan kwaikwayon da suka shirya. Kada ki wahala neman wani Shafalus da su Bottom suka ambata, Cephalus ne suka kasa faɗa, da gangan aka rubuta haka.

Diana duk inda kika gan ta, ki tuna watan sama da zaman budurci, shi ya sa Theseus, mai mulkin Atina, ya ce Hermia ta bi zaɓin ubanta, ko mutuwa, ko ta yi wa Diana bakancen zama ba aure. Shi ma Theseus ɗin ban yarda da shi ba ko kaɗan: da takobi ya samo amaryarsa Hippolyta, kuma shi ya watsar da Ariadne, Oberon sarkin aljanu ma ya faɗa. Helena ce ke ba ni tausayi, tana bin saurayin da ke gudunta, da ta ce yau Apollo ke gudu Daphne na binsa, alhali a asalin labarin Daphne ce ta guje shi har ta zama bishiya.

Wasan a Atina yake amma yawancin sunayen allolin na Romawa ne, Venus ita ce Aphrodite ta Girkawa. Puck kuma aljani ne na tatsuniyar ƙauyukan Ingila, kada ki neme shi a Girka. Ki samu takarda ki riƙa rubuta kowane suna da labarinsa a layi ɗaya, ki kuma kalli wasan a YouTube da littafin a hannunki. Wanda ya cije miki ki turo nan, ba mai yi miki dariya.