Tambaya da Amsa: Garin dutse zai iya ɗaure ƙasa ba tare da siminti ba?

TAMBAYA: Injiniya, ni direban tifa ne. A wurin fasa dutsen da nake lodi, garin dutse ya taru tsibi-tsibi, iska tana kwasarsa zuwa gidajen mutane. Ɗana mai karatun injiniya ya ce ana haɗa shi da bakteriya a ƙarfafa ƙasa. Da gaske ne? Daga mai karatu a Gombe.

AMSA: Malam, yaronka ya faɗi gaskiya, amma ba kowane garin dutse ne zai yi ba.

Akwai wata bakteriya mai suna Sporosarcina pasteurii da ke farfasa yuriya, irin takin da manoma suka sani. Idan akwai kalsiyam (sinadarin da ke cikin farar ƙasa) a wurin, sai wani farin dutse ya fito a tsakanin ƙwayoyin yashi, ya manne su wuri ɗaya. A 2010 masu bincike a Delft ta ƙasar Holan sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi kan yashi mita kubik 100. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma an gwada dabarar kan jar ƙasa.

Kalsiyam ɗin da aka saba sayowa yana da tsada, gishirin da ke cikinsa kuma yana cin rodi. Shi ya sa hankali ya koma kan garin dutse: a jiƙa shi da ruwan khal ya narke, a tace, a samu kalsiyam da araha.

To, wane dutse kuke fasawa? Ɗebi garin cikin cokali, ka ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, irin na Ashaka da Kalambaina da Malbaza, shi ake nema. In ya yi shiru, mai yiwuwa giranit ne kamar na Mpape, kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, gara a kai shi wajen buga bulo.

Abin da ya fi damuna shi ne amoniya, sinadarin da ke fitowa idan an farfasa yuriya, wadda aikin ke bari a ƙasa, domin tana iya gangarawa rijiya ta gurɓata ruwa. A laka kuma bakteriyar ba ta samun hanyar ratsawa, ta fi son yashi. Saboda haka kada ka kafa harsashin gida a kan wannan dabara tukuna. Ka ba yaron buhu ɗaya ya kai ɗakin gwajin makarantarsu, a auna ƙarfin ƙasar kafin a zuba da bayan an zuba.