Tambaya da Amsa: Fim ɗin da ake ta zuzutawa, ni ko gezau ban yi ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ya aiki ya iyali. Dan Allah ina da tambaya akan fim ɗin nan The Shining. Abokaina a makaranta sun ishe ni wai shi ne uban finafinan ban tsoro, na ƙona data na sauke shi na kalla a waya, wallahi awa biyu da wani abu ina jiran abin tsoro har ya ƙare banga komai ba, mutum yana ta buga tafireta, yaro yana yawo a keke, matar kuma ba abinda ta iya sai kuka. Ni da na saba da na Indiya masu fatalwa da ke sa mutum ya kasa fita fitsari da dare. Ni ne ban gane ba ko dai kawai zuzutawar Turawa ce? Daga ƙaninka a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, abinda ka ji shi mutane da yawa suka ji ranar farko, har da ni. Ina ɗan saurayi na fara kallonsa a kaset a ɗakin wani maƙwabcinmu, mun cika ɗaki muna jiran dodo ya fito, da aka gama kowa ya tashi yana tsaki.

Kuma ba mu kaɗai ba ne, su kansu Amurkawan haka suka karɓe shi. Fim ɗin ya fito a watan Mayu na 1980, Stanley Kubrick ne ya ba da umarni, daga littafin Stephen King na 1977. Masu sharhi da dama a lokacin cewa suka yi ya cika jan jiki kuma ba shi da ban tsoro. Ko takarar Oscar guda ɗaya bai shiga ba, maimakon haka ma sai masu ba da kyautar Razzie, wato kyautar finafinai mafi muni, suka sa sunan Kubrick cikin 'yan takarar darakta mafi muni, suka sa Shelley Duvall wacce ta fito a matsayin matar cikin jarumai mata mafi muni. Shekara 38 bayan nan, a 2018, ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ƙasa za ta adana saboda muhimmancinsu. Shahararren darakta Steven Spielberg ma da bakinsa ya faɗa a wata hira cewa kallon farko bai burge shi ba, daga baya ya dawo cikin waɗanda ya fi so.

To me ya canja? Ni a ganina ka shiga ne da tsammanin firgita, irin wadda ake kashe fitila kiɗa ya yi shiru sai wani abu ya faɗo maka ka zabura, shi kuma wannan fim ba wannan yake sayarwa ba. Ka lura da kyau otel ɗin nan da mutumin da matarsa da ɗansu suka tare a ciki fes yake da haske kusan ko'ina, ba duhun da wani abu zai ɓuya a ciki, kuma duk tsawon fim ɗin mutum ɗaya tal aka kashe a gaban idonka, dattijon nan mai dafa abinci da ya taso tun daga Florida don ya ceci yaron, yana shigowa aka tare shi da gatari. Abinda Kubrick yake so shi ne ya hana ka sakewa, zuciyarka ta riƙa ce maka akwai abinda ba daidai ba a gidan nan amma ka kasa nuna shi da yatsa. Wurin yaro da keken da ka raina, an ɗauke shi ne da wata na'urar riƙe kyamara da ake kira Steadicam wadda sabuwa ce a lokacin, wanda ya ƙirƙiro ta Garrett Brown shi da kansa ya riƙe, kyamarar tana bin bayan yaron ƙasa-ƙasa kamar wani na binsa, tayar keken ta hau katako ta yi ƙara ta hau kafet ta yi tsit, kai kuma ba ka san me ke bayan kwana ba. Wannan a lasifikar waya da rana tsaka ana hira a gefenka ba zaka taɓa jinsa ba.

Amma gaskiya abinda ya juya min ra'ayi ba kyamara ba ne, haihuwa ce. Na sake kallonsa bayan na zama uba, sai naga ashe ba labarin fatalwa nake kallo ba, labarin gida ne da maigidan shi ne abin tsoro. Tun kafin su je otel ɗin mutumin nan ya taɓa gurɗe wa ɗansa kafaɗa cikin maye, ya bar aikin koyarwa, yana jin matarsa da ɗansa su ne suka tare masa ci gaba. Akwai wurin da ya ɗora yaron a cinya a bakin gado yana shafa shi yana ce masa ba zai taɓa cutar da shi ba, yaron ya sandare kamar itace. Da can ko lura da wurin ban yi ba, a karo na biyu sai da na tsayar da fim ɗin na tashi na leƙa ɗakin yara. Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraren takun uba kafin a san ko yau za a yi dariya ko ba za a yi ba, ya san wannan sandarewar.

Ita kuma matar da kace ba abinda ta iya sai kuka, dan Allah ka sake dubawa. Mijin aka ɗauka aikin kula da otel amma ita ke zagayawa tana duba injinan ɗumama ginin, ita ke girki, ita ke kula da yaro. Tana kuka jikinta na ɓari ta maka masa sanda, ta ja shi a ƙasa har sito ta kulle, ta fitar da ɗanta ta tagar banɗaki. Abin ya fi ci min rai idan na tuna wahalar da Duvall ta sha, kusan shekara ana ɗaukar fim ɗin a Ingila, Kubrick yana sa ta maimaita fitowa ɗaya sau ba adadi tana kuka, sannan aka fito aka yi mata dariya. Sai a 2022 masu Razzie suka janye sunanta saboda irin yadda aka matsa mata a wurin aikin, ta rasu a Yulin 2024.

Duk da haka ba dole ba ne sai ka so shi fa. Shi kansa King mai littafin ya daɗe yana sukar fim ɗin, yana ganin Jack Nicholson, wanda ya fito a matsayin mijin, tun fitowarsa ta farko kamar mai taɓin hankali yake, don haka ba ka ganin mutumin kirki yana lalacewa a hankali kamar yadda ya rubuta, kuma bai ji daɗin yadda aka mayar da matar ba. Har ya rubuta nasa na talabijin a 1997. Maganarsa ta farko ina tare da shi, ta biyun ce ban yarda ba.

Shawarata ka bar shi ya ɗan kwana biyu, sannan ka kalla da dare a talabijin ko kwamfuta da abin kunne, kai kaɗai. Ka duba tsawonsa kuma, akwai mai minti 144 na Amurka akwai mai 119 da Kubrick ya rage wa Turai, dogon ne ke da wurin da matar take ba likita labarin kafaɗar yaron tana kare mijinta. In ka gama ka sake rubuto min.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ɗana ɗan shekara 12 ya nace sai ya kalli wannan fim ɗin wai ai yaro ne jarumin. In bar shi? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya kar ki bar shi. A Amurka ma ba a yarda ɗan ƙasa da 17 ya shiga kallonsa ba sai da babba, akwai tsiraici ƙarara a wurin ɗaki mai lamba 237, akwai jini da gawar yara da zagi. Yaron da ya fito a ciki ma, Danny Lloyd, yana wajen shekara 6 lokacin, kuma ɓoye masa aka yi bai san fim ɗin tsoro ake yi ba. Ki ce masa ya bari sai ya girma, ki kuma duba wayar da yake amfani da ita ko ya riga ya sauke.